Rado ko Seiko: Gardamar da Jirgin Alhazai Ya Sauke Mana

Kwana arba'in da rasuwar mahaifinmu, malamai suka zauna a zauren gidanmu da ke Rogo Sabon Gari don rabon gado. Gonaki da gida da 'yan dabbobi ba su ba kowa wahala ba, lissafinsu a fili yake. Abin da ya tsayar da mu wani ɗan gwangwanin alewa ne da aka ciro daga ƙasan adakarsa. A ciki akwai tsohon fasfo, da carbi, da agogon hannu guda biyu: Rado mai ruwan zinare, da Seiko 5 wanda gilashinsa ya dushe kamar idon da yana ta rufe. Duka biyun a tsaye suke, babu mai motsi.

Da aka ce a yi musu kuɗi, hannun kowa ya nufi Rado. Yayyenmu biyu har sai da suka ɗan ɗaga wa juna murya, sai da baffanmu ya yi gyaran murya sannan aka nutsu. Seiko kuwa aka ce ai wannan ba sai an sa shi a lissafi ba, duk mai so ya ɗauka. Mu ƙananan gidan muka ɗauka.

Tun daga ranar abin yake mana yawo a rai. A cikin waɗanda suka zauna a zauren nan babu wanda ya taɓa buɗe bayan agogo, balle ya san abin da ke juyawa a ciki. Amma hukuncin ya fito daga bakin kowa lokaci guda, kamar an haddace shi a makarantar allo. To daga ina muka gaji wannan hukunci?

Sai mu fara da kalmomin kansu, don su ne suka fi kowa riƙe tarihi. “Agogo” aro ne daga Yarabanci, inda asalinsa yake nufin ƙararrawa. “Ƙarfe biyu” da muke faɗa ya samo asali ne daga ƙarfen da ake bugawa don a sanar da mutane lokaci. “Sa'a” da “daƙiƙa” daga Larabci suka zo, “awa” da “minti” da “sakan” daga bakin Turawa. Namu na gida su ne irin su hantsi, da inuwar da ladan ke dubawa kafin ya kira azahar. Wato kakanninmu ba su rasa sanin lokaci ba, abin da ba su da shi kawai shi ne dalilin yanka shi ƙanana-ƙanana. Dalilin ya zo da jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, da ofis, da bariki, da makarantar boko. Shi ya sa agogon hannu ya daɗe yana zaman kayan akawu da malamin makaranta da ma'aikacin En'e. Manomin Karaye ko Rogo da ke kai gyaɗa da auduga sikeli bai ga abin da zai yi da shi ba.

Akwai wani ɗan labari da ya girmi wannan duka. A 1824, da Hugh Clapperton ya isa Sakkwato ya miƙa wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kyaututtukan da ya kawo, cikin abubuwan da suka fi jan hankalin Sarkin akwai kamfas, musamman da aka nuna masa cewa da shi mutum zai gane gabas a duk inda yake. Baƙon abu a ƙasar nan ba ya samun wurin zama sai ya nuna aikin da zai yi wa masu gida. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Agogo bai zama na kowa ba sai a shekarun 1970. An fito da naira ranar 1 ga Janairun 1973, a shekarar kuma farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo. Sai ga ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata har da ariyas a farkon 1975. Kuɗin nan a kan rediyo da babur da agogo da yawansu suka ƙare. Gyaɗa ta riga ta durƙushe saboda fari da cuta, amma kuɗin mai ya malalo har ƙauye ta hanyar kwangila da sufuri da fataucin hatsi. Naira kuma tana da nauyi: a 1980 da kwabo 55 ko kusa da haka ake sayen dala ɗaya. Hajji, wanda a da tafiyar shekaru ce ta Sudan, ya koma tafiyar awoyi daga filin jirgin saman Kano. A 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000.

Mutum 100,000 da kuɗi mai daraja a aljihu, a kasuwannin Jidda da Makka da Madina, kowa da jerin mutanen da zai yi wa tsaraba. Dabino da zamzam da bagaruwa da darduma na jama'a ne. Amma alhaji yana bukatar abin da zai zauna a jikinsa ya riƙa ba da shaida bayan dabino ya ƙare. Wasu suka sa haƙorin Makka, wasu suka ɗaura agogo, da yawa suka haɗa biyun. Abin lura a nan shi ne ba alhazanmu ne suka zaɓo kamfanonin daga Turai ko Japan ba. Sun zaɓa ne daga abin da 'yan kasuwar Hijaz suka shimfiɗa a gabansu: Rado, Seiko, Orient mai taurari uku, Citizen, West End. Ɗanɗanonmu na agogo ɗanɗanon kasuwar Larabawa ne da ya hau jirgin alhazai, shi ya sa har gobe tsoho a Rogo zai gane Rado daga nesa amma ka ambaci Patek Philippe ya ce maka wane ne shi.

Rado ɗan Suwizalan ne. 'Yan'uwa uku na gidan Schlup suka kafa masana'antar a garin Lengnau a 1917, sun daɗe suna ƙera injinan agogo, sai a 1957 suka fito da jerin agogo da sunan Rado. Wanda ya kama zuciyar mutanenmu shi ne DiaStar na 1962. An yi jikinsa da haɗin ƙarfen tangistin, irin wanda ake sa wa bakin injin da ke huda wasu ƙarafan, don haka ba ya ƙarcewa. Siffarsa kamar garkuwa, gefensa mai faɗi yana ɗaukar haske. A fuskarsa akwai 'yar alamar ƙugiyar jirgin ruwa da take juyawa idan ka motsa hannu.

Ka kwatanta wannan da rayuwar attajirin ƙasar Hausa. Idan ya naɗe hannun babbar riga zuwa kafaɗa, tsintsiyar hannunsa ce take fitowa fili, kuma wanda ke bakin zaure zai hango sheƙin. Ƙurar hunturu da ke cinye fuskar kowane ƙarfe ba ta yi masa komai; bayan shekara goma yana nan kamar jiya aka sayo. Mu kuwa mutane ne masu son abu ya zauna sabo fil. Ga shi kuma kadara ce: ranar da ciniki ya karye, ana iya jinginar da shi ko a sayar, kamar yadda mata ke yi da sarƙar gwal. Rado ya yi wa alhaji aikin da yake bukata, wato ya yi magana a madadinsa tun kafin ya buɗe baki.

Seiko labarinsa daban. Kintaro Hattori ya buɗe shagon agogo a Tokiyo a 1881, kuma daga shagon kamfanin ya tashi. A 1963 suka fito da abin da ya zama Seiko 5, da alƙawari biyar: yana wana kansa da motsin hannu, yana nuna rana da kwanan wata a taga ɗaya, ruwa ba ya shigarsa da sauƙi, maɓallinsa a lafe yake wajen ƙarfe huɗu, jikinsa da sarƙarsa masu jure wahala ne. Babu ɗaya cikin biyar ɗin da ya shafi burge mai kallo. Na mai ɗaurawa ne duka. Ruwan alwala sau biyar a yini bai dame shi ba. Maɓallin ba ya sukar bayan hannun direba ko mai ɗaukar buhu. Idan ya kwana biyu a ajiye ya tsaya, ka girgiza shi ya tashi. Wannan girgiza hannun da muka taso muna ganin tsofaffi suna yi, muna zaton ɗabi'a ce kawai, ashe umarnin injiniyoyin Japan suke bi.

Sai kuma abin da muke ganin ya fi komai: waɗanda aka ƙera don kasuwar Larabawa suna nuna sunan rana da Larabci. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba amma ya sauke Alƙur'ani zai dubi hannunsa ya karanta Alhamis, ya karanta Juma'a, domin sunayen ranakunmu daga can suka zo. Kamfanin bai yi wannan don Bahaushe ba, bai ma san da shi ba, amma ya faɗo daidai. Kamfas ɗin Sarkin Musulmi Bello ke nan ya sake dawowa a wata kama.

Da haka aka raba gari. Rado ya zama na wanda ya isa, Seiko na wanda ke kan hanya: malamin firamare, direban tifa, yaron kanti, ma'aikacin gona. Wannan rabon shi ne abin da muka haddace, shi muka maimaita a zauren gado ba tare da mun sani ba.

Da muka kai Seikon gyara wurin wani dattijo mai akwatin gilashi a gefen kasuwar Sabon Gari ta Kano, mun tafi da Radon ma, bisa amanar Yaya. Ya sa madubinsa a ido ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Samari, Alhajinku ya san abin da ya saya, babu jabu a ciki.” Ya nuna mana cewa injin da ke cikin Rado na kamfanin ETA ne, inji mai kyau, amma irinsa ne a cikin agogon Suwizalan da dama masu wasu sunaye, kuɗin da aka biya, kuɗin riga ne. Ya ce rigar ma tana da aibu: abin da ba ya ƙarcewa ba ya lanƙwasa, idan ya faɗi da ƙarfi a kan siminti yana iya tsagewa, kuma babu maƙerin da zai ɗinke shi. Seiko kuwa, in ji shi, mataccensa ɗaya yana tayar da uku, don kayan cikinsu suna shiga juna. Muka ce, “To Baba, kai wanne ka fi so?” Ya yi dariya ya ce wanda ya ciyar da iyalinsa shekara arba'in shi ne Seiko, amma wanda ake kawo masa da rawar jiki, a tsaya a kansa har ya gama, shi ne Rado.

Abin mamaki, gidan Seiko ne ya haƙa ramin da duka biyun suka faɗa. Ranar 25 ga Disamban 1969 suka fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar dutsen kwaz, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta ba ma iya wuce wannan wurin ba mu tsaya ba. Ƙwayar da ke cikin agogon batir na yau tana kaɗawa sau 32,768 a sakan guda, kuma ba a zaɓi lambar da ka ba: 2 ce aka ninka sau 15. Ka raba ta biyu sau 15, sai ka sami bugu ɗaya cak. Seikon mahaifinmu yana bugawa sau 6 a sakan, kuma yana iya yin gaba ko baya da sakan ashirin ko talatin a yini. Agogon batir na roba ba ya yin wannan kuskuren a wata guda. Cikin shekara goma sha biyar ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga wajen 90,000 zuwa kusan 30,000.

A wajenmu guguwar ta haɗu da wata. Tsuke bakin aljihu na zamanin Shagari ya fara a 1982, aka rage kujerun Hajji da guzuri, sannan a 1986 aka karya darajar naira. Casio ya fito da F-91W a 1989, mai arha, mai ƙararrawar tashin asuba. Rado na gaske ya fi ƙarfin yawancin masu sonsa, jabu ya cika kasuwa, har mutane suka koyi gwaji: a auna nauyi a tafin hannu, a goga ƙusa a gefe, a duba ko ƙugiyar tana juyawa. Da wayar salula ta shigo a 2001, tambayar “ƙarfe nawa?” ta bar tsintsiyar hannu ta koma aljihu. Ashe duk abin da muke kira tsohon agogo a ƙasar nan amfanin gonar shekara goma sha uku ne ko makamancin haka, daga 1973 zuwa 1986. Ƙofar ta buɗe, kaya suka shigo, ta rufe.

Yanzu kuma sha'awar tsofaffin agogo ta dawo, ta Instagram da WhatsApp, kuma ta zo da nata jadawalin daraja. A wannan jadawalin Rolex da Omega da Patek Philippe ne a sama, DiaStar da Seiko 5 na yau da kullum suna can ƙasa, don an ƙera su da yawan gaske. Ba mu ce jadawalin ƙarya ne ba. Ƙarancin abu da kyawun aiki gaskiya ne, kuma duk wanda ya ga cikin tsohon Patek ya san an zuba fasaha. Amma ka duba abin da ke ɗaga farashi. Rolex Daytona a farkon fitowarsa ba ya ma tafiya sosai a kanti. A Oktoban 2017 aka yi gwanjon wanda ɗan fim Paul Newman ya ɗaura, kyautar matarsa, ya tashi a kan dala miliyan 17.8. Omega Speedmaster yana cin albarkacin hawa wata da aka yi da shi a 1969. Rolex ɗin da Sarkin Oman, Sultan Ƙabus, ya riƙa rabawa kyauta, masu tambarin wuƙar ƙasarsa a fuska, sun fi 'yan'uwansu tsada nesa ba kusa ba, alhali inji ɗaya ne. Har a gidan Seiko haka ne: akwai samfurin 6139 da Kanar William Pogue ya tafi da shi tashar sararin samaniya ta Skylab a 1973. Fiye da shekara 30 ana sayar da irinsa a matsayin tsohon agogo kawai, sai da masu bincike suka gano shi a hotuna, daga nan ya sami suna ya sami kuɗi. Ƙarfen bai canza ba ko kaɗan, labari ne aka ɗaura masa.

Ashe mai tara agogo a Janiba da yayanmu a Rogo abu ɗaya suke yi. Kowa yana sayen labarin da aka ba shi tun yana yaro, ɗaya na ɗan fim da 'yan sama jannati, ɗaya na alhaji da ya sauko daga jirgi. Bambancin shi ne su sun rubuta nasu, sun ajiye rasit da kwali da hoto, mu kuwa namu yana bakin tsofaffi. Shi ya sa yake ɗan sosa mana rai idan muka ga matashi a Kano yana tara kuɗin Omega saboda wani Ba'amurke ya taka wata, alhali agogon da kakansa ya tsaya da shi a Arfa yana cikin kwanon tarkace, yana jiran ɗan gwangwan ya zo ya auna shi da kilo.

Har wajen kulawa mun sha bamban da su, kuma a nan muna yi wa kanmu asara da hannunmu. Mai gyara a wajenmu, don ya kyautata maka, zai goge jikin agogo ya yi sheƙi, ya cire tsohuwar fuska ya sa sabuwa. A wancan kasuwar, wannan kyautatawar ita ce take kashe darajarsa. Su fuskar da rana ta ƙona suke nema, muddin ta asali ce. Ga kuma tarin tsofaffin Seiko da ake haɗawa daga gawarwaki daban-daban, a yi musu sabon fenti a Indiya, a watsa su intanet. Wanda bai sani ba zai bar na gaske a adakar gidansu ya sayi waɗannan. Mun roƙi dattijon nan ya wanke inji ya sa mai, ya canza gilashi, kada ya taɓa sauran. Ya dube mu kamar waɗanda boko ya taɓa wa kai, amma ya yi yadda muka ce.

Shi ne kuma ya nuna mana lambar da ke bayan murfin. A tsarin Seiko, lamba ta farko ita ce ƙarshen shekarar da aka ƙera agogon, ta biyu kuma wata. Namu ya fara da 7 da 8, wato watan Agusta na shekarar da ta ƙare da 7. Duk wanda ya tuna fargabar da aka yi kan kwamfutoci gab da shekarar 2000 saboda rubuta shekara da lamba biyu zai gane matsalar rubuta ta da lamba ɗaya. Ana warware ta ne da sanin injin: namu 6309 ne. Sai dai an ƙera wannan injin daga 1976 har zuwa ƙarshen shekarun 1980, don haka 1977 ta shiga, 1987 ma ta shiga. Lissafi ya kai mu nan ya ajiye.

A gida kowa ya ɗauka Rado ne agogon Hajjin farko, don shi ne a duk hotunan, Seiko kuwa wani abu ne da Alhaji ya saya daga baya don zuwa gona. Muka koma Rogo muka shiga ɗakin uwargidansa, muka gaishe ta, muka miƙa mata agogon yana tafiya. Ta kai shi kunne ta daɗe tana saurare.

Muka ce, “Hajiya, ko kin tuna lokacin da Alhaji ya sayi wannan?”

Ta ce, “Ku ji yaran nan. Ai da shi ya dawo tafiyar farko, wadda ubangidansa ya biya masa, lokacin yana bin motar hatsi. Kuɗin guzurinsa ya matse ya saya. Wancan mai sheƙin sai da ya yi shago, zamanin Shagari.” Ta ce ranar sunan babban yayanmu wannan ne a hannunsa, har ungozoma ta tsokane shi wai ya zama Bature, yana duba ƙarfe kafin a yanka rago. Yayanmu haihuwar 1979 ne.

Hajjin 1977 a watan Nuwamba aka yi. Wata uku ke nan daga masana'anta zuwa hannun wani saurayi ɗan Rogo a kasuwar Jidda. Mun rubuta wannan a takarda, da ranar da Hajiya ta faɗa mana, muka ninke muka sa a cikin gwangwanin alewar tare da fasfon. Da Yaya ya ji labarin, sai ya aiko a tambaye mu ko za mu yarda a yi musaya.